Na Cafe

Ƙarfe biyun dare a Adum,
ni da injuna a ɗaki mai sanyi.
Ruwa na dukan Kumasi,
layin Ankara ya fara in'ina.

Abin da na karanta shekara huɗu,
ashe a Aboabo na fara ganinsa,
ina 'yar bakwai, riƙe da fitilar Baba Gariba,
motar doya ta iso daga Taciman kafin asuba.

Isaka a saman mota, Baba a ƙasa,
duhu tsakaninsu.
Doya ta taso, ta sauka a tafi.
"Na cafe!"
Sai an faɗa ake jefo wata.
Mai jifa ba ya fin mai cafewa sauri,
in ya fi, ƙasa ce za ta ci riba.

Hannu ya yi ɗumi, sai su yi ta uku-uku,
uku a iska, murya ɗaya ta amsa musu.
Baba ya gaji, ya ce, "Rage!"
su koma bibbiyu, ba wanda ya ji kunya.

Kowace da lambarta, da gawayi.
Baba ya shafa ta, ya ji tsagu a gindi:
"Ta tara ta fashe. Sake."
Ba duka motar ba, ta taran kawai.

Shiru ne mugun.
Ko doyar ce ta faɗi,
ko hon ɗin tirela ya haɗiye amsar.
Isaka bai sani ba. Ya ƙirga biyar a zuci,
ya sake jefo wata da lambar ɗazu.
In ta zo sau biyu, gawayi zai faɗa.

Yau haka nake kiwon saƙonni a waya,
gunduwa-gunduwa, kowace da lamba a goshi,
da ɗan lissafi a wutsiya
mai tona asirin wadda hanya ta taɓa.
Albashin wani, hoton jaririn wata,
duk sai an ce an cafe.

Jiya na je Asawase.
Tun da jini ya buge shi, Baba ba ya magana.
Na sunkuya, na ce, "Ni ce, Sakinatu."
Na ƙirga biyar.
Fanka na juyi. Ba komai.
Na sake faɗa, kalmomin nan dai, ban ƙara ba.
Na ƙirga.
A na uku,
yatsun da suka tare motoci dubu
suka matse nawa, kaɗan.

Sai na jefa masa ta gaba.