Tankin Kan Iyaka

Tsakanin Kukar Ilu da Tudun Barmo
ba kogi, ba ganuwa, ba ko shinge,
sai wani dutsen siminti da aka kafa tun ina yaro,
awaki na sosa ƙaiƙayi a jikinsa.
Shi ne wai iyaka, gab da tsohuwar tsamiya.

Kuka na bin wata ƙaramar hukuma,
mu Tudu muna bin wata.
Duk Jigawa ce, kasuwarmu ta Laraba guda,
maƙabartarmu guda,
a takarda kuwa, ko gaisuwa sai da wuya.

A Kuka aka haƙa burtsatse, can ruwa ke kusa.
A Tudu aka ɗora tanki, ruwa gangare yake so.
Shekara biyu muna sha, ba mai tambayar na wa ne.
Ran da injin ya yi tari ya mutu
kowace sakatariya ta juya baya.

Mun je tamu: "Injin ba a ƙasarmu yake ba."
Sun je tasu: "Tankin ai ba namu ba ne."
Wata goma sha ɗaya fayil na kai da komo,
zanzaro ya yi gini a bakin famfo,
jarka ta fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi.
Tabawa, da cikinta wata bakwai,
ta koma jan gaba ashirin na igiya.

Sai damina ta zo da amai da gudawa.
Ita ba ta iya karatun dutse ba.
Ta ɗauki biyu a Tudu, uku a Kuka.
Ɗakin shan magani a ɓangarenmu yake,
rabin masu kwanciya 'yan can ne,
ga ruwan leda rataye a ƙusa,
babu na wanke hannu a tukunya.

A zaman makoki aka haɗu, ba a ofis ba:
Injiniya Hambali na tamu, Gwadabe na tasu,
kan tabarma guda, don babu wata.
Tsohuwa Azumi, wadda jikanta aka binne,
ta miƙo moɗa cike da ruwan kududdufi,
ta ce, "Ku sha, ku baƙi ne."
Suka dubi moɗar, moɗar ta dube su.
Ba wanda ya sha, ba wanda ya ɗaga kai don kunya.

Mako uku, sai ga takarda mai hatimi biyu:
su injin, mu farantan hasken rana,
mai gadi ɗan Kuka, makaniki ɗan Tudu,
kowane gida ya zuba nasa ran kasuwa,
littafin asusu a hannun Tabawa,
wadda ta san nauyin guga, ba ta san lissafin ƙarya.

A nan na shigo, ni Lawandi mai fenti.
Aka ce in sa sunan hukumomin biyu a jikin tanki,
aka kwana biyu ana musun wanda zai hau sama.
Na gaji, na taka tsani da gwangwanina,
ashe tankin kewayayye ne kamar bakin ƙwarya.
Na bi shi da rubutu a layi guda,
wutsiyar wannan ta kama kan wancan.
Zagaya ka gani: ba na gaba, ba na baya.

Ban ce an gama ba.
Famfon gabas na ɗiga tun ƙaramar Sallah,
kwalbatin da ya rufta har yau bai san ubansa ba,
an ce zama na gaba a kansa ne.
Mun ji, muna jira.

Amma jiya da asuba na ji bututu na gurnani.
Ruwa ya taso daga Kuka, ya hau Tudu, ya gangaro,
ya bi ta ƙarƙashin dutsen siminti,
bai yi sallama ba, bai nuna takarda ba,
ya cika tulun Azumi
kafin rana ta leƙo kan tsamiya.