Ƙusa Goma Kafin La'asar

Rediyo ta ce ran Alhamis,
daga gabas, bayan la'asar,
iska na tafe wadda ba ta san maƙwabci ba.
A ɗaure jinka, a duba kwano,
kada kowa ya fake gindin darbejiya.

A rumfar Arzika mai shayi, nan Wurno,
Labbo ya aje kofi, ya yi dariya har da tari.
"Bara ma hakanga sunka ce.
Na kwashe albasata, buhu sha bakwai,
na kai kasuwa wuyanta bai bushe ba,
na sayar awa wanda bashi ya koro.
Iskar da taz zo? Ko hular Nomau ba ta ture ba.
Wata biyu, buhu ya ninka uku.
Wa yab biya ni? Rediyo?"

Ni dai ban tanka ba.
Kafinta ne ni, bakina da laifi.
In na ce rufinka ya saki,
sai a ce Maidamma na neman na cefane,
mai sayar da likkafani ya zo gaida mara lafiya.

Amma ni ke hawa sama.
Na san gidan da gara ta gama da katako
ta bar fenti yana tsaye shi kaɗai.
Na san kwanon da ƙusa huɗu ke riƙe da shi,
ta biyar ɗin addu'a ce.

Kuma shekarar da aka haifi Asshibi, ƙanwata,
ba wanda ya yi shela.
Inna Ige ta tura mu ƙarƙashin gadon ƙarfe,
ta zauna bakin ƙofa da jinjira a ƙirji.
Rufin firamare ya naɗe kamar tabarma,
da safe aka tsince shi cikin shinkafar fadama.
Jakin Tambari yana turke bai san komai ba,
falle ɗaya ya same shi a wuya.
Har yau in guduma ta daki kwano
wannan ƙarar nake fara ji.

To, Labbo bai yi ƙarya ba,
buhu sha bakwai ba wasa ba ne.
Mai gargaɗi kuwa abin tausayi:
in ta zo, a ce bai ɗaga murya ba,
in ba ta zo ba, a ce ya cika baki.

Alhamis ta waye da zafi mai nauyi.
Ganye ya ƙi motsi.
Gulbi ya kwanta kamar faranti.
Da azahar gabas ta fara rine,
tsattsewa na shawagi dab da ƙasa,
Kulu ta kwashe shanyar kuɓewa ba ta ce da ni uffan ba.
Na ƙara wa ɗakinmu ƙusa, da na Inna,
da kusurwar masallaci da ke kaɗawa tun bara.

Sai ga Hantsi, ɗan Labbo, ta ƙofar baya,
yana murza bakin riga.
"Baba ya ce a ara mai ƙusa goma,
wai akurkin kaji za shi gyara."
Na ƙirga mai ashirin, dogaye, masu hula.
Kaji ma bayin Allah ne.

Da na leƙa ta kan katanga,
ga Labbo bisa rufi, ya naɗe wando,
yana jan tsohuwar taya da dutse biyu.
Ya gan ni, na gan shi.
Kowa ya juya yana duban gabas.

Yanzu ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya iso
daga garin da ban sani ba.
Ƙila hadarin ya rabe, ya bi ta Goronyo,
ya bar mu da gumi da kunya.
In haka ne, gobe a yi mani dariya a rumfar Arzika,
ni zan biya kuɗin shayin.
Ƙusar dai ta riga ta shiga,
ba wanda zai hau ya zare ta.