Abin da Ƙanƙara ta Ɓoye

Shekara huɗu ke nan, kowace safiya,
in na ɗaga ƙyauren shago a Yalwa
na kunna tsohuwar kwamfutar nan,
wani dutse ke fara gaishe ni,
fari fat da ƙanƙara,
a ƙasar da ba wanda ya taɓa takawa a zuri'armu.
A waje kuwa Garwa na dafa mutum da ransa.

A jikin dutsen, da'ira biyu.
Ɗaya tawa, ba fuska, inuwar kai da kafaɗa.
Ɗaya ta Yaya Ɗanlami,
wanda hanyar Ngaundere ta karɓa ba ta maido ba.
Ya tafi da makullin ɗakinsa a ka.
Na gwada sunan matarsa, lambar babur ɗinsa,
na gwada shekarar da ya buɗe shago.
Akwatin sai ya girgiza kai
kamar mai gadin da aka hana magana.

Ranar Talata ciniki ya mutu murus.
Ba mai takardar haihuwa, ba mai wasiƙar neman aiki,
har Malam Bakari mai ƙorafin fili bai leƙo ba.
Dijatu, mai koyon buga rubutu, ta ce,
"Kawu, dutsen nan bai ishe ka ba?
Ana sauya shi fa, kamar labule."

Kamar labule! Sai da muka jiƙe sharkaf.
Saiti ya tura mu wani saitin,
wancan ya nemi izini da Faransanci,
muka ba shi, ya sake nema.
Daga wayata muka ɗauko Binuwai,
hoton da na ɗauka a kan gada bayan la'asar:
ruwa ya yi duhu, kwale-kwale ɗaya,
kan dorina can gefe kamar tukunyar da aka kifa.
Karon farko hoton ya miƙe,
dorina ta koma kada, Dijatu ta faɗi da dariya.
Karo na biyu ya zauna daidai.

Ta so ruwan hoda a gefen akwati, na ce shuni.
Muka cire gaisuwar Turawa,
muka rubuta: Shigo, gida ne.
Muka nemo harufan da suka san bakinmu,
don shekara da shekaru sunan Yaya na tsaye ba ƙugiya,
Danlami, kamar wani baƙo.
Ranar nan Ɗ ta sami lanƙwasarta.

Sai ta ce, a hankali,
"Da'irar nan ta biyu, a share ta?"

Ban amsa ba. Na ja linzami na taɓa ta,
na buga wani abu, ko mene ne, don hannu ya saba.
Akwatin ya girgiza kai yadda ya saba.
Amma ƙarƙashinsa, a kan duhun kogi,
ga wasu fararen haruffa sirara
da farin dutse ya haɗiye tun ran farko:

Abin da Inna ke kiranka in ka ƙi wanka.

Kiranka.
Ba kirana ba.

Na ce wa Dijatu ta je ta sayo mana ruwan sanyi,
na ba ta jaka guda, na ce kar ta yi sauri.

Sunan ba zai shiga waƙa ba,
mutum uku suka san shi, biyu na ƙasa.
Harafi bakwai ne. Na buga su da yatsa ɗaya,
kowanne ya zama ɗigo baƙi,
suka jeru kamar tururuwa a bakin rami.

Fanka na juyi. Wata motar auduga ta wuce,
ƙyaure ya yi rawa.
Kwale-kwalen nan yana tsakiyar ruwa,
bai isa ba, bai koma ba,
ni kuma yatsana na kan maɓallin shiga
ina neman bakin da zan yi sallama.