Ɗigo Biyu a Kan Zare

A Wete ruwa ya janye tun da hantsi,
ya bar kwale-kwale kwance cikin taɓo kamar shanu masu tuƙa.
Iska na kawo ƙamshin kanumfarin da aka shanya a bakin titi,
ni kuwa hancina man giya ya sani.

Kombo, tara min kwanon nan.
Kwance kusar ƙasa tukuna, sannan ta sama,
bari man ya zubo mu karanta shi.
Ka gani? Fari-fari, sai ka ce an dama shi da nono.
Teku ya shiga ke nan.
Ba ya sallama.
Igiyar fatsa ce ta nannaɗe bayan farfela,
ta ci sil a hankali,
ta buɗe masa ƙofa siririya kamar silin gashi.

Ga sabon sil. Lakato giris da ɗan yatsa,
kada ka yi rowa, kada ka yi almubazzaranci.
Shafa wa sandar farfela ita ma,
in ba haka ba gishiri zai ɗaura musu aure
wanda guduma ba ta raba shi.
Gam na gaskit kuwa, siriri kamar kwalli a ido;
in ya yi yawa ya tsiyaya ciki
ya toshe hanyar ruwan da ke sanyaya zuciyar injin.
Sabon mai daga ƙasa ake ɗura shi
har ya leƙo ta ramin sama babu kumfa.

Yanzu miƙo kwalaben nan biyu.
Shuɗin alkawari ne mai saurara,
ran da ka zo da sufana zai sake ka.
Jan rantsuwa ne, sai da wuta.
Kada ka haɗa su ko a mafarki.
Goge zaren notin ya bushe ƙarau,
ɗigo biyu, ba uku ba.

Kana dariya. Ɗigo biyu!

Yayana Faki ma ya yi dariyar nan.
Ya ce hannunsa ya isa, ya ɗaure noti har jijiya ta tashi.
Amma girgiza ba ta barci, Kombo,
tana warware abu kamar tsohuwa mai tsefe kitso,
juyi ɗaya yau, rabin juyi gobe.
Tsakiyar mashigi, tsakanin nan da Tanga,
injin ya yi kuka, ya yi tari, ya yi shiru.
Kwana uku ruwa na tafiya da su inda ya ga dama,
suna lasar raɓa a kan leda.
Masuntan wata ƙasa suka tsince su.

Ga shi can ƙarƙashin mangwaro yana ɗinkin koma.
Shekara goma sha ɗaya
ruwa bai wuce masa gwiwa ba.

Bi Time ta iso, mai jirgin, da mayafi a kafaɗa,
tana duban ruwan da ya fara dawowa.
Yau za a fita?
Na ce gobe. Shuɗin yana son kwana.
Ta ƙirga kifin da ba ta kama ba, a fili, da ƙarfi,
ta ja tsaki ta tafi.

Rufe kwalbar da kyau.
Na goge hannu da tsumma,
shuɗin ya ƙi fita daga ƙarƙashin farce.