Ƙyale-su

Daga Jidda na ɗauko shi, a bayan motar Abu Mish'al,
wata huɗu a duniya, amma dagin ƙafarsa ya cike tafin hannuna.
Likita Jawahir, mai gidan tsintattun dabbobi,
ta ce a bakin titin Usfan aka gan shi,
igiya a wuya, kwalta ta soye masa ƙafafu.
Wani saurayi ne ya saye shi da tsada don ɗaukar hoto.
Da ya ga ci ya fi hoto yawa,
sai ya buɗe ƙofar mota.

Ta ce, “Irinsu daga duwatsun Turkiyya suke.
Zai kai ƙugunka. Zai ci abincin lebura biyu.
Kana da fili?”
Na ce, “Ina da dutse.”
“Kana da haƙuri?”
Na ce, “Shekara talatin ina kiwon awakin wani.”
Sai ta miƙo mini biro.

Hanyar Hada tana naɗewa kamar rawani a kan dutse.
A kwana ta bakwai ya yi amai a kan takalmina,
birai na zaune bisa shingen titi suna kallonmu
kamar masu karɓar haraji.

Tasalla ta tare ƙofa da muciya.
“Ba dai inda nake shimfiɗa sallaya ba.”
Na ce kyarkeci ya ci mana 'yan awaki uku a hunturun bara,
kuma liman da bakinsa ya ce karen kiwo ba laifi.
Ta ware masa kwano, ta ɗaura wa kwanon jan ƙyalle,
ta ja layi da ƙafa a bakin garke:
daga nan zuwa can nasa, daga nan zuwa nan na mala'iku.

A ƙofar masallaci wani ya ce, a hankali amma don in ji,
“Ɗan Takari ya samo ɗan'uwa.”
Kakana, da ya tako daga Haɗeja da ƙafa,
shekara shida kafin ya ga Ka'aba,
ya ce a garinsu da sunan kare ake mayar da magana.
Na raɗa masa Ƙyale-su.

Tsaro? Ina fa!
Ya cinye igiyar shanya, ya tone bishiyar rumman,
ya kwanta cikin kwandon wardi ranar tsinka,
kwana uku yana ƙamshi kamar ango.
Tsohuwar akuya ta tunkuye shi, ya zo ya ɓuya a bayana.
Ni nake kwana da tocila ina gadin mai gadi.

Abu ɗaya ne bai bari ba:
duk farar motar da ta wuce ƙasan gona,
sai ya bi ta da gudu, wutsiya na kaɗawa,
har ta sha kwana, ya dawo harshe a waje,
ya kwanta yana kallon titi.
Ban dake shi ba. Na san masu jiran abin da ya ajiye su.

Jiya da asuba hazo ya rufe Shafa,
sanyi na cizon yatsu, ina ɗaura alwala,
farar mota ta tsaya a ƙofar gona.
Ya miƙe daga tsakiyar awaki, yanzu ya kai ƙuguna.
Na jira gudun nan.
Bai je ba.
Ya kafa ƙafafu, ya buɗe ƙirji,
ya yi haushin da dutse ya amsa sau biyu.

Abu Mish'al ne, mai gonar kansa.
Bai fito ba sai da na je.

Da na dawo, na tarar da Tasalla a bakin layinta,
tana zuba romon kai a kwano mai jan ƙyalle,
ƙafarta ɗaya ta ƙetara.
Ban ce na gani ba.