Daga Sifiri

Da safe Dakta Gwarzo na riƙe da alli,
ya cika allo har inda hannu ba ya kai,
ya juyo ya ce: Ban yarda ba sai da hujja.
Misali dubu ba ya zama dalili,
guda ɗaya ya saɓa, ginin ya rushe.

Bayan azahar mu hau bene,
ɗakin kwamfuta, fanka biyu, ɗaya ta mutu.
Malama Zuwaira ba ruwanta da dogon zance:
Ya yi aiki? To. Bai yi ba? Koma.
Waƙafi ɗaya na manta a layi na arba'in,
ya cinye mini la'asar, ya haɗa da magariba.

Ajin safe ana ƙirga daga ɗaya,
na rana a ce a fara daga sifiri.
Can lamba ba ta da ƙarshe, tafiya take yi,
nan ta cika ma'aji ta malale
kamar kunu a ƙaramin kofi.
Ni ce turken da aka ɗaure wa awaki biyu,
kowace na ja wajen tata dusar.

Daga Kabuga zuwa Ɗorayi, a Adaidaita,
ina rungume da tsohuwar na'urata
wadda Yaya Sagir ya tayo a titin Beirut,
batirinta minti arba'in, in an ci sa'a.

A gida Inna ce uwar adashi.
Mata ashirin da uku, zubi duk Juma'a,
lissafin na kanta, sauran a bayan kalanda,
zane-zane da guntun fensir.
Na ce: Inna, huta, na rubuta miki manhaja.
Kwana huɗu na yi, na zo ina taƙama.

Ta ce: Karanto mini, Rumasa'u.
Na karanto: Tasalla, Dije, Ladiyo, Kande,
har na kai ƙasa. Tana tsinke zogale,
ko kai ba ta ɗaga ba.
Ina Yalwa?
Ashirin da biyu kika kira.

Yalwa mai awara ta bakin famfo,
ita ce ta ƙarshe a jeri,
da kwasarta za ta biya wa ɗanta jarrabawa.
Na fara daga sifiri yadda aka koya mini,
na tsaya saura taki ɗaya,
na shafe mace guda da dubu arba'in da shida.

Daren nan ba wuta. Na rufe na'urar,
na ɗauki takarda da fitilar waya,
na bi zagayen nan mace bayan mace
har na kafa hujja ba wadda za ta faɗi.
Sai ga awakin biyu, kai a akushi ɗaya.

Da safe na sake karantowa, Yalwa ta fito.
Inna ta ce: Madalla, Allah ya ƙara basira.
Ta miƙa hannu ta ɗauki fensirinta,
ta ƙara zane ɗaya a bayan kalanda.