Ƙofar da Na Ƙera

Ni na yi waldar ƙofar nan.
In ka shiga gidan kaso, ka wuce teburin masu gadi,
ta biyu a hannun hagu, mai sanda goma sha ɗaya,
aikina ce.
Kwana tara ina shan wuta da ido,
Tsalha na riƙe mini ƙarfe, yana kau da fuska daga tartsatsi.
Da muka gama ya jijjiga ta, ya yi dariya,
ya ce: Maigida, duk wanda ya shiga nan sai Allah.

Damina biyu bayan haka suka zo garejina a Bagalam.
Wani ya sayar masa da rodi shida da ƙyauren taga,
ashe daga lakwal aka ɓanɓaro su.
Mai sayarwar ya kwana ɗaya a komisariya,
kawunsa ya zo da mota mai baƙin gilashi,
kafin la'asar yana kurɓar shayi a bakin tasha.
Tsalha aka jefa bayan mota,
takalminsa ɗaya har yau yana ƙarƙashin bencina.

Wata goma sha tara ke nan.
Ba a ce ya yi ba, ba a ce bai yi ba.
Na je kotu, magatakarda ya ce takardarsa na komisariya.
Na je komisariya, aka ce mai mabuɗin durowa
an mai da shi Dakwaro.
Na koma kotu, alƙali na hutu,
in dawo bayan salla.
Salla ta zo, ta wuce, ko ƙashin ragon babu saura.

Kuluwa, uwarsa, daga Jiratawa take tasowa
da fura a kwanon sha, ranar Litinin da Juma'a.
Mai gadi kan juya ludayi a ciki
yana neman abin da ba ta zuba ba.
Ɗakin da na auna da igiyata, na mutum goma sha biyu,
arba'in da ɗaya ke kwance a ciki,
in ɗaya zai juya sai ya ta da na gefe.

Na ji a rediyo wai an ware kuɗi,
za a koya wa 'yan kaso ɗinki da walda.
Walda!
Yaron da ƙarfe ke bi kamar rago ya ga dusa,
yau aikin hannunsa susar ƙazuwa.
Injin da aka ce an sayo, wa ya ji ƙararsa?

Tambayata ba ta da tsawo.
In na yi walda ta ɓalle, mai ƙofa ya san garejina,
zai zo ya tsaya a kaina har in gyara,
ko dala ba zan karɓa ba.
Aikina na ɗauke da sunana.
To watannin nan goma sha tara, sunan wa ke kansu?
Wa zan je in tsaya a kansa?
Kowane ofis na da kujera, kowace kujera na da hatimi,
na rasa mutum ɗaya da zai ce: ni ne.
Hatimi kuwa ba ya jin sallama.

Kuɗin ƙofar ma ba su cika mini ba,
saura jika arba'in, na daina bi.

Jiya aka bar ni na gan shi.
Ya rame, wuyansa kamar mariƙin guduma.
Ya shafa mahaɗin sanda ta uku,
inda na koya masa yadda ake cika gaɓa,
ya ce: Maigida, dubi, ko tsatsa ba ta yi ba.

Tun da na kama sana'ar nan ban taɓa ha'inci ba.
A kan hanyar gida, bisa kabu-kabu,
na kama kaina ina cewa:
da ma ranar nan na yi.